Abin da Na Koya a Saman Rufin Gidajen Rockport

Na koyi kafinta a Tudun Wadan Zariya a hannun wani dattijo wanda na yi shekara bakwai ina riƙe masa katako da miƙa masa ƙusa kafin ya yarda in ɗora kwanon gida ni kaɗai. Da na zo Amurka na sauka a Hiyuston, a jihar Teksas, sana'ar da ke hannuna ita na nema, na kuwa sami gurbi a cikin ayarin masu gyaran rufi waɗanda akasarinsu mutanen Meziko ne da Honduras. A lokacin ina ganin rufi duk rufi ne, tunda manufarsa ɗaya, wato ya hana ruwa da rana shiga ɗaki. Garin Rockport, wani ƙaramin gari na masunta da tsofaffin da suka yi ritaya a bakin Tekun Meziko, shi ya nuna mini cewa akwai rabin sana'ar da ban taɓa sani ba.

A daren 25 ga Agusta, 2017, mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Harvey ta fito daga teku ta sauka a daidai wannan yanki da iska mai gudun kusan kilomita 215 a awa guda. Labarin da ya fi yawo a duniya shi ne na ambaliyar Hiyuston, inda ruwan sama ya yi kwanaki yana zuba, amma a Rockport iska ce ta yi ɓarnar. Mun isa garin bayan wasu makonni, tafiyar kimanin awa uku a mota, muka tarar da unguwanni sun koma shuɗi saboda tamfol da aka shimfiɗa a kan gidaje. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne gidaje biyu a jere, tsarinsu ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, iska ɗaya ta bi ta kansu, amma ɗaya ya rasa 'yan falle-falle kaɗan, ɗayan kuwa an yaye shi har ana hango gadon masu gida daga sama. Na tambayi shugaban ayarinmu dalili, sai ya ce in hau in duba ramukan ƙusa, amsar tana can.

Kafin in kai ga ƙusa, sai da na gyara fahimtata game da ita kanta iskar. Na taso ina zaton iska tura rufi take yi kamar yadda mutum ke tura ƙofa. Ashe ɗaga shi take yi. Idan ta bugi bango ta haura sama, tana wucewa ta kan rufin da sauri, sai nauyin iskar da ke danne shi ya ragu, ya zama ana tsotsar sa zuwa sama, kuma wannan tsotsa ta fi tsanani a kusurwoyi, da bakin rufi, da doronsa. Ƙarfinta ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, domin idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Idan kuma taga ta fashe ko ƙofar garejin mota ta lotsa, iska ta cika gidan, sai rufin ya shiga tsakanin mai ture shi daga ƙasa da mai jan sa daga sama. Nan na gane abin da na sha gani a gida a farkon damina, lokacin da guguwa ke naɗe kwanon makarantu da masallatai tun daga kusurwa kamar tabarma, da kuma dalilin da ya sa mutanenmu ke jera duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a bakin rufi. Sun san inda ciwon yake, maganin ne bai isa ba.

Rufin yawancin gidajen wannan yanki ba na kwano ba ne. Ana shimfiɗa faffaɗan katako a kan sandunan rufi, a rufe shi da shimfiɗa mai hana ruwa, sa'an nan a jera wasu falle-falle masu kwalta da tsakuwa a jikinsu, waɗanda ake kira shingil, kowane layi yana hawa kan na ƙasa da shi kamar ɓawon kifi. A wuraren da iska ba ta da ƙarfi ƙusa huɗu ake buga wa kowane falle, a bakin teku kuwa shida ce ƙa'ida, kuma akwai zanen layi a jikin fallen da ke nuna inda ƙusar za ta zauna domin ta kama falle biyu a bugu ɗaya. Idan ta hau sama da layin ko da da faɗin yatsa biyu ne, fallen ƙasa ya kuɓuce mata. Idan an cika wa bindigar ƙusa, wato na'urar da ke harba ƙusa da ƙarfin iska, iska har kan ƙusar ya huda fallen ya nutse, to sunan an buga ne kawai, ba ta riƙe komai ba. Gidan da aka yaye ɗin nan, da na hau na duba, ramukan ƙusarsa duk a sama da layi suke, kuma katakon kansa an kama shi ne da 'yan siraran maƙalai irin na takarda masu girma, wasu ma ba su sami sandar da ke ƙasa ba, sun wuce ta gefe.

Wannan kuskure ni ma na yi shi, kuma ba na mantawa da shi. A gida na uku da muka yi wa sabon rufi, an ba ni fuska guda ni kaɗai, ina so in nuna cewa hannuna yana da sauri, ga zafin rana yana narkar da kwalta a ƙarƙashin takalmi. Ban tsaya na daidaita ƙarfin bindigar ba, kuma da na gaji sai layina ya riƙa hawa sama ba tare da na lura ba. Daga ƙasa aikin ya yi kyau ƙwarai, layuka a miƙe, babu wanda zai ce akwai aibu. Washegari injiniyan da ke duba aiki ya hau, ya ɗaga falle biyar a wurare daban-daban, ya sauko bai ce mini komai ba. Shugabanmu ne ya miƙo mini shebur ɗin yaye rufi, ya ce in cire duka in sake. Kwana biyu na yi ina warware aikin hannuna, an yi asarar kaya, kuma an cire wani abu daga ladana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tunanin cewa da ba a duba ba, da matar gidan ta biya kuɗinta tana godiya, ta kwana a ƙarƙashin wannan rufi da kwanciyar hankali har ranar da wata guguwar za ta zo, lokacin da ni na daɗe da barin garin.

Da dare na kira tsohon maigidana a Zariya na ba shi labari. Na ce, "Maigida, yau an sa ni na rushe aikina da hannuna." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka tuna langa-langar da nake sa ka ɗaure katako da ita a jikin bango, kana ƙorafin tana yanka maka hannu? Wa ya taɓa ganin ta bayan an yi silin?" Na ce babu. Ya ce to in je in yi aikina.

Langa-langar nan tana da 'yar'uwa a can, wasu ƙarafa ne da aka ƙera musamman, masu ramukan ƙusa, da ake ɗaure kowace sandar rufi da su a jikin bango. Injiniyoyi suna bayyana abin a matsayin sarƙa: falle yana riƙe da katako, katako yana riƙe da sanda, sanda tana riƙe da bango, bango yana riƙe da harsashin gini, kuma iska tana neman inda sarƙar ta fi rauni ne ta tsinke ta a nan. Saboda haka idan muka yaye tsohon rufi, kafin mu shimfiɗa komai sai mun bi katakon duka mun ƙara masa ƙusa mai zobba a jiki, wadda ba ta zarewa da sauƙi kamar mai santsi, tazarar kimanin inci shida tsakanin kowace biyu. Bayan haka sai mu liƙe duk mahaɗar katako da wani tef mai kwalta, domin ko iska ta kwashe falle-fallen, ruwa ba zai sami hanyar kwarara cikin gida ba. Na ga gidaje da dama a Rockport da ginin bai motsa ba, amma ruwan da ya bi ta waɗannan mahaɗai ya jiƙa audugar hana zafi da ke saman silin har silin ya rufto, bango ya yi fumfuna, kayan ɗaki suka lalace, asarar ta ninka kuɗin rufin sau da yawa. Amurkawa ma ba da wannan sani aka haife su ba. Guguwar Andrew da ta ragargaza kudancin Fulorida a Agustan 1992 ita ta tona asirin aikin ha'inci a dubban gidaje, kuma daga nan aka tsaurara dokokin gini a wannan jiha, wasu jihohin suka ɗauki darasi.

Gishiri kuma wani malami ne da ban san shi ba a Zariya, inda iska busasshiya ce kuma ƙusa kan yi shekaru ba ta yi tsatsa ba. A bakin teku raɓa da iska suna ɗauke da gishiri dare da rana, suna cin ƙarfe a hankali, har ka ciro ƙusa ka ga ta siranta kamar allura. Gidan da ke kallon ruwa sai an yi masa aiki da ƙusa da ƙarafan da ba sa tsatsa, masu tsada, kuma a nan ne ɗan kwangila marar tsoron Allah yake cin riba, tunda mai gida ba zai iya bambancewa ba sai bayan shekaru.

Na kuma koyi cewa ba kowane yoyo ne ke buƙatar sabon rufi ba, kuma faɗin gaskiya a nan yana da nauyi, domin sabon rufi ya fi kawo mana kuɗi. Sau da yawa ruwa yana shiga ne ta inda rufi ya haɗu da bango ko bututun hayaƙi, ko ta robar da ke zagaye da bututun banɗaki wadda rana ta ƙone, kuma gyaran rabin yini ya wadatar. Amma idan falle ya bushe yana karyewa da an ɗaga shi, ko kwaltar da ke manne shi da na ƙasa ta saki a faɗin rufin, faci ɓata kuɗi ne, domin kowace ƙusa da ka buga za ta fasa na kusa da ita. Ɗora sabon rufi a kan tsoho kuwa, ko da mai gida ya roƙa saboda sauƙin kuɗi, ni ban yarda da shi a bakin teku ba, tunda yana ɓoye ruɓaɓɓen katakon da ya kamata a gani a canza.

Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa da ita, wadda ta yi watanni a ƙarƙashin tamfol, tana jera bokitai a falo duk lokacin da hadari ya haɗu. Wani mutum ya zo mata da mota mai lambar wata jiha 'yan kwanaki bayan guguwar, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, bai sake dawowa ba. Irin waɗannan masu bin sawun guguwa suna da yawa, kuma Teksas ba ta tilasta wa mai gyaran rufi mallakar lasisin jiha, saboda haka duk mai tsani da mota yana iya kiran kansa gwani. Abin da ke kare mutane a gaɓar teku shi ne tsarin inshorar iska. Bayan guguwar Celia ta 1970 da ta yi ɓarna a birnin Corpus Christi da ke kusa da Rockport, kamfanonin inshora suka riƙa gudun yankin, sai jihar ta kafa ƙungiyar inshorar iska, wadda yanzu ake kira TWIA, a 1971 domin gundumomi 14 da ke bakin teku, kuma tana neman takardar shaida, wadda aka fi sani da WPI-8, cewa an duba aikin an tabbatar ya cika ƙa'ida. Da farko ina ganin wannan takarda ɓata lokaci ce, yanzu kuwa ina ganin ita ce ido ɗaya tilo da talaka yake da shi a saman gidansa. Da muka gama wa tsohuwar nan aiki, na sauko da wayata na nuna mata hotunan kowane mataki, katakon da muka canza, layin ƙusa, da ƙarafan ɗauri. Na ce mata, "Mama, wannan shi ne abin da kika biya, ki ajiye hotunan tare da takardar." Tun daga ranar na mayar da wannan al'adata a kowane gida.

Batun lafiyar ma'aikaci ba ya buƙatar dogon bayani. Doka ta ce daga tsayin ƙafa shida sai da kariya daga faɗuwa, kuma na ga wanda ya raina igiyar ɗamara ya yi wata uku a kwance. A watannin bazara muna hawa tun da asuba mu sauka kafin rana ta take, mu koma da la'asar.

Lokacin guguwa yana farawa ne ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma a Yulin 2024 guguwar Beryl ta sauka kusa da garin Matagorda, ta sake cika mana hannu da aiki a garuruwan da ke arewa maso gabas da Rockport. Yanzu ni ma ina da yara biyu da nake koya wa sana'ar. Ranar farko ba na ba su bindigar ƙusa, tocila nake ba su, mu shiga sararin da ke tsakanin silin da rufi, cikin zafi da ƙaiƙayin auduga, mu bi sanduna ɗaya bayan ɗaya muna neman ƙusar da ta kuskure katako tana ƙyalli a fili. Duk wadda muka gani sai mu yi mata alama da alli, mu fita mu hau sama mu buga wata a inda ya dace, kafin a shimfiɗa abin da zai rufe ta.