Silifas ɗin da ya ci min ɗinkin Sallah

Saura mako biyu Babbar Sallah, shagona na ɗinki a unguwar Aboabo ta Kumasi cike da yadin mutane, na biye wa ƙanena muka tafi Tafkin Bosomtwe. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni, kuma ba tafiyar ce ke ba ni haushi ba, abin da na zura a ƙafa ne.

Bayan Asuba muka kama trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Kuntanase, daga can tasi ta gangara da mu Abono, garin da ke bakin ruwa. Kilomita 30 ne ko kusa da haka daga Kumasi. Yawancin masu zuwa a nan suke tsayawa, su ci soyayyen kifi, su ɗauki hoto, su juya gida. Ƙanena ya ce shi sama yake so, wai tafkin sai daga bisa ake gane shi. Ya dubi ƙafata ya ce, "Yaya, da wannan za ka hau?" Silifas ne na roba, irin wanda duk Gana ke kira chale wote. Na ce masa da irinsa na yi shekaru ina ratsa kasuwar Kejetia da kaya a ka, tun bai iya ɗaura wando ba. Ya yi shiru. Shi kambas ne a ƙafarsa.

Wani saurayi ɗan garin ya shige mana gaba. Hanyar gajera ce, amma a tsaye take, ta cikin gonakin koko da ayaba da rogo, kuma an kwana ana ruwa. Ina hango ƙarshen tudun kamar in miƙa hannu in taɓa, ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sau uku ina tsayawa, wai ina duba waya, alhali numfashi nake nema.

Da muka fito fili a sama, na juya, na rasa abin faɗa. Ruwa ne zagaye kamar an kafa ƙatuwar ƙwarya a tsakiyar duwatsu, faɗinsa wajen kilomita 8, ƙauyuka jere a gefensa, rufin kwano na ƙyalli. A nan na gane maganar da ake yi cewa wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya, shekara sama da miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa wannan rami. A Abono in an faɗa maka sai ka gyaɗa kai kawai. Daga sama kuwa bakin ramin kake taka, kana ganin da'irarsa gaba ɗaya. Babu kogin da ke fita daga cikinsa. Can ƙasa masunta kamar ƙudaje, kowa zaune a kan falankin katako da suke kira padua, don a al'adar Tonawa, wato Ashanti, ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan. Jagoranmu ya ba mu labarin maharbin da ya biyo gada har ta shige ruwan ta ɓace, wai daga nan sunan ya samo asali. Na saurara, nasu ne. Ni dai Subhanallahi nake ta maimaitawa.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce a tafi kawai.

Saukowa ce ta kashe ni. Wajen hawa, yatsun ƙafa na kama ƙasa, silifas na manne da tafin ƙafa. Wajen gangara kuwa duk nauyinka a kan igiyar nan ta tsakanin yatsu yake sauka, ga gumi ya sa ƙafa na zamewa a cikinsa. Sannan busasshen ganyen koko ya rufe jar laka mai santsi, kana ganin wuri kamar busasshe alhali sabulu ne a ƙasa. Saurayin nan a karkace yake takawa, yana kama reshe. Na gani, ban kwaikwaya ba, sauri nake in koma shago kafin La'asar. Igiyar dama ta tsinke, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashina, na ji ƙas a idon sawu, sai ga ni zaune a laka.

Su biyu suka riƙo ni har Abono. Ƙanena bai ce ai na gaya maka ba, kuma wallahi da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

Targaɗe ne, ba karaya ba, haka mai ɗori ya ce bayan ya murɗa ni na kira sunan mahaifiyata. To amma ƙafar dama ce, ita ce ke taka keken ɗinki. Kwana goma sha biyu ban taka ba. Kaftani tara na kai wa wani tela a Asawase, na bar masa kuɗin aikin duka. Mutum biyu suka karɓe yadinsu, ɗaya har yau in ya gan ni a masallaci sai ya canza sahu. Masu zuwa dubiya kowa cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ina amsawa da haka ne, amma a raina na san tsautsayin nan an nuna min shi da yatsa tun a Abono.

Wanda zai je, ya sa takalmi mai igiya da ƙasa mai kaushi, ya sari sanda tun daga ƙasa, kuma in an yi ruwa da dare ya bar hawan sai wata rana. Ya ba saukowa lokacin da ya fi na hawa. In kuma tela ne, ya bari sai an ci naman layya.

Zan koma, in Allah Ya yarda, don ban ƙoshi da kallon ba. Ƙanena ya riga ya sayo min kambas, ya ajiye a ƙofar shago ba tare da ya ce uffan ba. Lamba ɗaya ya fi ƙafata girma.