Abin da tantanin tace haidurojin ya koya mini game da numfashin 'yan sama jannati

Ɗan sama jannati ɗaya yana shaƙar oksijin kusan kilo 0.84 a rana, ya fitar da kabon dayoksaid kusan kilo ɗaya. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ruwa ake fasawa da lantarki a sami oksijin, haidurojin kuwa ya fita gefe guda. Na'urar Elektron ta Rasha waje take zubar da shi. A 2010 ne NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta kai na'urar Sabatier, mai sunan masanin kimiyyar Faransa Paul Sabatier, wadda ke haɗa haidurojin da kabon dayoksaid ta samar da ruwa da iskar methen.

Da na zauna yin lissafin wannan a aikin bincikena, nan na fara ganin inda gizo ke saƙar. Kowane ƙwayar kabon dayoksaid yana buƙatar haidurojin huɗu, alhali fasa ruwa haidurojin biyu kawai yake bayarwa a kan kowane oksijin da aka shaƙa. Rabin wanda aka zuba kuma yana tafiya cikin methen ɗin da ake watsarwa. Shi ya sa abin da ake maidowa na oksijin bai wuce kusan rabi ba, sauran sai an hau da ruwa daga ƙasa. Ga mai niyyar zuwa duniyar Mas, inda babu kumbon kawo kaya, wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Sai an fasa methen an ƙwato haidurojin, sannan a raba shi da sauran iskokin da suka fito tare. Aikin tantani ke nan.

Mutane suna ɗaukar tantani kamar rariya, ƙanana su wuce, manya su tsaya. Na faladiyom, wani ƙarfe mai daraja, ko huda ba shi da ita. Haidurojin yana rabewa gida biyu a fuskar ƙarfen, ya ratsa cikinsa, ya sake haɗewa a ɗaya gefen, kuma babu wata iska da ke iya bin wannan hanya. Masanin kimiyya Thomas Graham ya gano tun 1866 cewa faladiyom na shanye haidurojin ninkin girmansa sau ɗaruruwa. Jiragen Space Shuttle ma, lokacin da suke aiki, da bututun faladiyom haɗe da azurfa suka riƙa cire haidurojin daga ruwan sha da batiransu masu haɗa haidurojin da oksijin ke samarwa, don tun zamanin tafiye-tafiyen Apollo zuwa wata 'yan sama jannati ke kukan kumburin ciki saboda iskar da ke cikin ruwan.

A takarda, babu na biyunsa wajen tsabta. A ɗakin gwaji kuwa shagwaɓaɓɓe ne. Bututun da muka yi aiki da shi bai kai kaurin biro ba, yana kwance cikin ƙaramin tanda mai zafin sama da digiri 300, mu kuma muna bin kumfar sabulu da ido tana hawa cikin gilashin awo, don mu ga saurin haidurojin da ke ratsowa. Da zarar an saki ɗan kabon monoksaid cikin iskar, sai ka ga kumfar ta fara jan jiki. Sinadarin ƙibiritu ya fi muni, don shi kashe fuskar ƙarfen yake yi. Mai kula da ɗakin kullum maganarsa ɗaya idan an tashi: "Malam, kori haidurojin da naitirojin tukuna, sannan ka kashe tanda." Idan ya huce da haidurojin a jikinsa, tsagewa yake yi. Azurfar da ake haɗawa, kusan kashi 23 cikin ɗari, don rage wannan ne.

Tun daga nan na daina tambayar wane tantani ya fi tacewa. Tambayata ita ce, wace iska zai tarar, kuma nawa zai ci na lantarki da nauyi? A kumbo kowane wat da kowane kilo da lissafinsa, kuma haidurojin na kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin ɗari a iska, don haka tsaga ɗaya ba abin wasa ba ce.

Dubi na'urar da NASA ta gwada ta fasa methen da filasma, wato iskar da aka zafafa har ta ɗauki caji. Abin da ke fitowa haidurojin ne da asitilin, iskar nan ta masu walda. Asitilin kuwa ba ya shiri da azurfa ko jan ƙarfe, yana iya haifar da abin fashewa. Bututun faladiyom kuwa da azurfa a jikinsa. Sai aka koma gwada tantanin wata roba mai jure zafi da ake kira PBI, wanda lantarki ke jan haidurojin ta cikinsa, a zafin da bai wuce digiri 200 ba, kuma yana jure kabon monoksaid fiye da Nafion, tantanin robar da ke cikin na'urar fasa ruwa. Shi ma da tasa matsalar: filatinom ɗin da ke fuskarsa yakan aurar da asitilin da haidurojin su zama etilin, ya cinye wani ɓangare na abin da aka sa shi ya ƙwato.