Alhamis: allurar da ba komai a cikinta

Yau da farin ciki na tashi, don Malama ta ɗage gabatarwata zuwa Litinin. Na yi wanki, na gyara ɗaki, har barcin rana na samu.

Da yamma Yaya ta kira, ina jiyo gwarancin Ƙaramin kusa da wayar. Ta ce wai wane karatu ne ya hana ni leƙo su. Ni kuma da ɗokina na shiga zuba mata labarin abin da zan gabatar, wato SMA, cutar nan ta gado da ke kashe jijiyoyin laka masu motsa tsoka. Na ce mata ƙwayar gado ɗaya ce, SMN1, ba ta aiki, kuma sai yaro ya gaji matsalar daga uwa da uba duka. In babu magani, jariran da ta kama da wuri ba sa iya zama, yawancinsu ba sa kai shekara 2 sai da na'urar numfashi. Sai ga maganin nusinersen, wanda ake zubawa cikin ruwan laka don ya sa 'yar'uwar SMN1, wato SMN2, ta ƙara samar da sinadarin da aka rasa. A gwajin maganin, mai suna ENDEAR, jarirai 121 aka sa: 80 suka samu maganin, 41 kuma tsira musu allura kawai aka yi a fatar gadon baya, aka manna filasta. Da aka duba sakamako ana tsakiyar aiki, 21 cikin 51 masu karɓar magani sun samu ci gaba a motsi, ɗaya ɓangaren kuwa ko ɗaya babu cikin 27. Aka tsayar da gwajin, aka buɗe wa duk jariran gwajin maganin, Amurka ta amince da shi a Disambar 2016.

Ta yi shiru. Can ta ce, "Tsaya. Iyayen 41 ɗin sun sani?"

Na ce sun san hakan na iya faruwa kafin su sa hannu, amma ba wanda ya san inda nasa ya faɗa. Ko ɗakin ba a barin su shiga lokacin allurar.

"Wato uwa ta miƙa ɗanta, ta zauna a waje tana addu'a, a dawo mata da shi da filasta a baya, alhali ba a sa masa komai ba?"

Na ba ta amsar da aka koya mana, kuma har yanzu na yarda da ita. A lokacin ba wanda ke da tabbacin maganin na aiki, allurar laka ma da nata haɗarin, masu cutar kuma kaɗan ne. In ba a kwatanta ba, fatan iyaye da na likita zai iya sa a ga sauƙin da babu shi. Ta ce, "Na ji, ƙanwata. To nawa ne suka rasu a cikinsu?"

Ban sani ba. Sati biyu ina kan takardar gwajin nan, ban tsaya kan wannan layin ba. Muna ajiye waya na duba: 16 cikin 41. A ɓangaren magani 13 cikin 80.

Tun ɗazu abin ke cin raina. Ba na ganin masu binciken sun yi zalunci, ai suna ganin bambanci suka tsaya. Abin da ya dame ni shafukan gabatarwata ne. Na cika su da murna, jariran nan kuwa na kira su "rukunin kwatance" a wuri ɗaya tak na wuce, alhali da su aka tabbatar da maganin.

Wankin ma na manta shi a igiya.

Na ƙara shafi guda a kansu. Minti 10 kawai Malama ta ba kowa, dole in rage bayanin SMN2. Gobe zan turo wa Yaya shafin ta fara gani.