Kunamar bindigar iska: inda na tsaya da gyara kafin zafi ya kama

Ƴan uwa masu koyon harbin mita 10, ga inda aka kwana a maganar kunama. Na cire harshen kunamar da ƙaramar bindigata ta iska ta zo da shi, wato sashen da yatsa ke dannawa, na sa wani miƙaƙƙe, na ja shi baya kaɗan, na sake raba nauyin jan, sannan na ɗaure notuka na mayar da makulli cikin akwati. Ba ni da niyyar sake taɓa komai har damina ta faɗi. Wasu cikinku sun tambaye ni ko sayen sabon harshe ya biya kuɗinsa. Ya biya, amma ba ta inda ake zato ba.

Mu fara da abin da ba ya sauyuwa. Dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ta ce nauyin da ake ja kafin kunamar ƙaramar bindigar iska ta saki ba zai gaza giram 500 ba. Ta mita 25 giram 1000 ce. Ta mita 50, wadda aka cire daga gasar Olamfik bayan ta Riyo a 2016, ita ce ba a sa wa iyaka ba, kuma masu doguwar bindigar iska su ma an bar su su sassauta yadda suka ga dama. Mu kam rabin kilo ne, ko ka sayi Steyr ta Ostiriya, ko Pardini ta Italiya, ko Walther da Feinwerkbau na Jamus, ko tsohuwar IZH-46M ta Rasha da ake ɗana ta da hannu. Har Morini ta Suwizalan mai kunamar lantarki da batir, sai ta ɗaga giram 500 ɗin nan kafin a bar ta shiga layi. Ku lura kuma bindigar kanta nauyinta wajen kilo ɗaya ne, doka ba ta yarda ta wuce giram 1500 ba. Wato yatsa ɗaya zai danna rabin nauyin abin da hannu ɗaya ke riƙe da shi a miƙe, kuma ana so kada komai ya motsa. Duk wahalar wasan nan tana nan.

Saboda haka wanda ke neman kunamar kasuwa don ta yi masa sauƙin ja, ya ajiye kuɗinsa. Bidiyon da ake ta turo mana na mutanen Amurka suna zare kunamar bindigar harsashi gaba ɗaya suna zuba wata, wani wasa ne daban mai dokokinsa, kuma makami ne da ba a riƙe shi a nan Nijar sai da izinin hukuma. Ko ta iskar ma, kafin ka aika a kawo maka ita ko wani sashe nata, je ka tambayi hukuma ka san matsayinka. A namu wasan, abin da ake saya a waje shi ne harshen da yatsa ke taɓawa kaɗai. Kamfanoni irin su MEC da TEC-HRO na Jamus suna yin su iri-iri: mai lanƙwasa, miƙaƙƙe, mai faɗi, siriri, mai kai kamar maɓalli. Injin ciki yana nan yadda yake.

Kafin harshen ya iso, na fara tanadar ma'auni, kuma ina ba kowa shawara ya fara ta nan. Na je kasuwar Katako ta Yamai wajen wani maƙeri da zanen abin a takarda: dunƙulen ƙarfe, da sanda siririya da ta lanƙwashe a sama don ta rataya a kunama ba tare da ta gogi jikin bindiga ba. Ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ai na awon nama ne." Na ce masa kusan haka ne, sai dai kada ya kuskura ya rage ko giram ɗaya. Ya bar shi da ɗan nauyi, muka kai wajen masu awon zinariya, ana gogewa da zarto ana ɗorawa a sikeli har ya tsaya a 500 cif, sanda da komai. Na kuma yanka ƴan wasu zobban ƙarfe masu giram goma-goma da ake zura wa sandar, don in san tazarar da ke tsakanina da iyaka. Wanda bai samu maƙeri ba, gorar ruwa da waya sun isa, in dai an auna su tare a sikeli mai gaskiya.

Yadda alƙalai ke awon kuwa haka ne: a ɗana bindiga, a tsayar da bakinta sama sak, a rataya ma'aunin kusa da tsakiyar harshen kunama, a ɗaga a hankali har ya bar tebur. In ya tashi kunama ba ta saki ba, ka wuce, sai a sa ka saki iskar don a tabbatar a ɗane take. Sau uku kaɗai ake ba ka dama. Bayan an gama harbi ma ana zaɓen wasu a sake auna su, wanda tasa ta kasa an soke makinsa duka. Shi ya sa ba wanda ke tsayawa a 500 daidai. Tawa tana ɗaga 520, tana saki kafin 540.

Yanzu ga harshen kansa, wanda shi ne ya ci mini lokaci.

Yatsuna gajeru ne, tafin hannuna kuma mai kauri. Da harshe mai lanƙwasa, kullum yatsana yana zamewa ya kwanta cikin kwarin lanƙwasar, ko da ba nan ya dace da shi ba, kuma yana isa wurin a karkace. Yatsan da ya iso a karkace ba baya kaɗai yake ja ba, yana tura bindiga gefe. Ga na-dama kamata, in harshen ya yi nisa, turin hagu yake yi. In ya matso da yawa har yatsa ya naɗe shi zuwa gaɓa, sai ya jawo bakin bindiga dama. Abin da ake nema shi ne, a daidai lokacin da kunama za ta saki, gaɓar farko ta manuniya ta kwanta a gicciye sosai da layin bindiga, tsokar kan yatsa ce a kan harshe, sauran yatsan kuma bai jingina da katakon mariƙi ba. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba sa kula da shi. In gindin yatsa yana gogar katako, duk lokacin da ka ja, katakon ma ka tura.

Miƙaƙƙen harshe bai tilasta wa yatsa wurin zama, wannan ne amfaninsa kuma nan ne haɗarinsa. Kunama a sama take maƙale tana lilo, don haka wanda ya danna ƙasan harshe zai ji ta fi sauƙi, wanda ya danna sama zai ji ta yi tauri, alhali noti bai motsa ba. In yau yatsanka na sama gobe na ƙasa, kunama biyu kake koyo. Nawa yana da ƴar tsaga a tsakiya inda ma'auni ke zama, ita nake lalubawa da tsokar yatsa kafin in ɗaga hannu. Wannan lilon ne kuma ya sa dole a sake awo duk lokacin da aka sauya harshe ko aka zame shi sama ko ƙasa. Da na ɗaura sabon, ban taɓa sifirin ko ɗaya ba, amma ma'auni ya nuna nauyin ya ragu, don tsakiyarsa ta fi ta tsohon sauka.

Gane wurin da ya dace ba a takardar maki ake yinsa ba. Mai koyar da mu, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya hana ni ƙwayar dalma gaba ɗaya a kwanakin gwajin. Ya ce, "Ɗana, juya ta kan harbin banza, ka fuskanci farin bango, kada ka kalli komai sai tsinin saitin gaba." Yawancin bindigogin gasa suna da wannan maɓallin da ke barin kunama ta saki ba tare da iska ta fita ba. A farin bango babu baƙin ɗigo da zai ɗauke maka hankali, sai ka ga gaskiya: kunama na saki, tsinin ya yi ɗan tsalle hagu cikin tsagar baya. Sai a kwance noti, a ja harshe baya kamar milimita ɗaya, a ɗaure, a sake. Haka muka yi ta yi har tsallen ya ɓace. Daga nan na juya fuskar harshen kaɗan zuwa dama don ta tari yatsa, shi ke nan.

Ga lissafin da ya sa na daina raina wannan ɗan tsallen. Tsakanin saitin baya da na gaba akwai wajen santimita 35, takarda kuma tana mita 10, wato duk kaucewar da tsinin gaba ya yi ana ninka ta kusan sau 28 kafin ta isa can. Zoben maki goma faɗinsa milimita 11.5 ne, daga tsakiya zuwa bakinsa bai kai milimita 6 ba. Ke nan kaucewar kashi ɗaya cikin biyar na milimita ta kai ƙwaya bakin zoben. Milimita ɗaya cur kuwa ta jefa ka zoben bakwai, can gefen baƙin. Kuma harbi 60 ake yi a gasa, maza da mata duka tun 2018.

Sai rabon nauyi. Kunamar gasa hawa biyu gare ta. Hawan farko tafiya ce mai laushi, yatsa na ja harshe na tafiya har ya ci karo da wani ɗan tsayawa. Hawa na biyu shi ne ƙarin matsin da ke sa ta saki. Doka jimillar kawai ta sani, yadda za ka raba tsakaninsu naka ne, kowane hawa da notinsa. Na gwada zuba kusan duka a hawan farko, na bar wajen giram 60 a na biyu. A harbin banza daɗi gare shi ƙwarai. A layi kuwa, da zuciya ta fara bugawa, sai yatsa ya daina jin tsayawar, harbi ya tafi tun ban gama sauka ƙarƙashin baƙin ba, daga nan kuma tsoro ya shiga, yatsa ya ƙi ja sam. Wanda ya taɓa tsayawa da hannu a miƙe yana roƙon yatsansa ya motsa ya san abin da nake nufi. Na koma ɗaya gefen, rabi da rabi, sai na ga ina fizga don in karya tsayawar. Inda na zauna yanzu shi ne wajen 380 a na farko, 150 a na biyu. Tsayawar tana jin kanta, sakin kuma kamar karyewar busasshen karan dawa, babu ja babu goga. Ba na cewa kowa ya kwafi wannan adadin. Mai sanyin hannu da ya daɗe yana iya rage hawa na biyu, sabon shiga gara ya bar shi da ɗan kauri.

Akwai notin da ke tsayar da harshe bayan ta saki. Wasu na matse shi har harshe ya tsaya cak nan take. Ni na buɗe shi, don in yatsa ya daki abu mai tauri da rabin kilo a lokacin da ƙwaya ba ta gama fita ba, bugun a bakin bindiga yake bayyana. Wannan ra'ayina ne, na san masu harbi da kyau da ke son akasin haka.

Noti ɗaya ne ban taɓa ba kuma ba zan taɓa ba, wanda ke ƙayyade yadda ƙugiyar ciki ke kama abin bugu. Galibi masana'anta na ɗiga masa fenti don a gane in an juya shi. In aka rage kamun ya yi ƙanƙanta, bindiga na iya tashi da kanta lokacin rufe ƙofar ƙwaya ko in ta bugu da tebur. Ko ban taɓa shi ba, bayan kowane gyara nakan ɗana ta a harbin banza, baki na kallon inda ba kowa, in ɗan bubbuga mariƙin da tafin hannu in ga ko za ta saki. Duk gyaran nan kuma ana yinsa ne babu ƙwaya a ciki, tukunyar iska kuma, wato bututun da ke riƙe matsattsiyar iska, an kwance ta.

Yanayin Yamai ma yana da bakin magana. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da mai sai ta zama laka, hawan farko ya fara ƙaiƙayi a yatsa. Kada ku fesa wa injin kunama man da ake fesa wa sarƙar babur. Busasshen burushi mai laushi da ƙyalle sun isa, bindiga kuma ta koma akwati da zarar an gama. Na kuma lura awon safiyar sanyi da na azahar ba sa zuwa ɗaya, bambancin ƴan giram ne, amma ƴan giram ɗin ne ke fitar da mutum daga gasa in ya tsaya a bakin iyaka. Ga Afrilu na tafe, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum. Tukunyar da aka cika har matsin iskarta ya kai bar 200 a ma'auni ba a barinta cikin mota a rana, don matsin iska na ƙaruwa da zafi. Ku duba shekarar da aka buga a jikinta ma, shekara goma ne wa'adinta.

Wani ya ce mini ai Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda hotonsa ya zaga duniya a gasar Faris ta 2024, hannu a aljihu babu tabarau na musamman, ya ci azurfa ba tare da tarkace ba, to mu me ya kai mu sayen harshe? Hannu a aljihu dai tsayuwa ce da masu harbi da yawa ke yi, don doka ta ce hannu ɗaya ke riƙe bindiga, ɗayan kuma a nema masa wurin zama. Abin da hoto bai nuna ba shi ne mariƙi da kunama da aka daidaita wa hannunsa, da shekarun da ya yi yana jan abu ɗaya. Kuma ita ma tasa sai da ta ɗaga giram 500.

A takarda, tarin ƙwayoyina ya daina jingina hagu, ya dawo tsakiya, sai dai har yanzu yana da tsawo sama da ƙasa. Wannan ba aikin kunama ba ne, wuyan hannu ne da kuma madafin ƙasan mariƙi da ya yi mini sako-sako, shi zan koma wa nan gaba. Ma'aunin yana cikin jakata duk ranar atisaye, wanda ke son auna tasa ya zo da makullinsa mai gefe shida da littafin da bindigarsa ta zo da shi, don notukan ba wuri ɗaya suke ba a kowace ƙira, kuma ya rubuta inda kowane noti yake kafin ya juya shi ko da rubu'in zagaye ne.