Shekara ɗaya cif: godiyata ga waɗanda suka riƙe ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Jiya Asabar na cika shekara ɗaya cif giya ba ta taɓa leɓena ba. Alhamdulillahi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, domin a wajenmu gara mutum ya haɗiyi garwashi da ya fito ya ce shi mashayi ne. Amma akwai mutanen da suke bina bashin godiya, kuma bashin ya fi ƙarfin a biya shi a ɓoye.

Shekara 11 na yi ina sha. Na fara da kwalba ɗaya in an tashi daga aiki a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, na ƙare da 'yar ledar ogogoro a aljihu tun kafin in kunna injin walda da safe. In ban sha ba hannu rawa yake, kuma mai walda da hannunsa ke rawa ya gama sana'a. Goro da kanumfari nake taunawa don kashe warin, ina zaton babu wanda ya sani.

Godiyar farko bayan ta Allah taku ce, Yaya. Ranar da na ce zan daina da ƙarfin tsiya, na kulle kaina a ɗaki. Kwana na biyu gumi da makyarkyata, na uku na fara ganin ƙwari suna bin bango, daga nan na faɗi ina jijjiga. Maƙwabta suka ce iska ce, ku kuka ce a'a, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa za mu. Can likita ya yi mana bayani cewa jikin da ya shekara da shekaru yana shan giya, in aka yanke masa ita lokaci guda, ƙwaƙwalwa takan birkice, har rai ana iya rasawa. Suka kwantar da ni, suka ba ni maganin kwantar da jijiya da allurar bitamin B1. Don Allah duk wanda ya yi nisa a sha, kada ya yi irin nawa, ya fara ganin likita tukuna.

Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta min rana da wurin da wasu masu neman daina sha suke haɗuwa. Sista, 'yar takardar nan har yau tana cikin walat ɗina. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar makarantar da suke haɗuwa ina juyawa, tsoron kada in haɗu da idon sani. A na huɗu wani dattijo Kirista, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya tare ni ya ce, "Shigo ɗana, nan ba a tambayar sunan uban kowa."

Mu kusan goma sha biyar ne a bencin ɗalibai: direba, malamin makaranta, tsohon soja, mata biyu. Ba a biyan ko kwabo, sunan farko kawai ake faɗa, abin da aka ji a ɗakin a ɗakin ake barinsa. Tsarin da suke bi na Alcoholics Anonymous ne, wanda mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun lura cewa in mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, ranar takan wuce ba a sha ba. Matakai 12 ne, na farko mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa. Da na buɗe baki na ba da labarin yadda na sayar da keken ɗinkin matata, ina jiran a yi min kallon banza, sai direban nan ya ce, "Ni gado da katifa na sayar." Kuka na yi kamar yaro.

Baba, dattijon da ya tare ni a ƙofa, ban manta daren da aka hana ni kuɗin aikina, na tsinci kaina a ƙofar mashaya wajen ƙarfe ɗaya ba. Na kira ku, kuka ce, "Ba ruwanka da gobe, yau kaɗai za ka tsallake." Kuka riƙe ni a waya har na isa gida. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Malam liman na unguwarmu, na zo muku da shakku ko zaman ya halatta tunda da waɗanda ba Musulmi ba a ciki. Kuka ce neman magani ne, in je. Kuka tuna min mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Ranar na koma sahun gaba.

Maman yara, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Kin rufa min asiri, kin ci da yara da kuɗin ƙosai, kin ƙi tafiya gida duk da an ce ki tafi. Keken ɗinkinki na nan tafe kafin Sallah, in Allah Ya yarda, na riga na biya rabi.

Wanda ke cikin halin da na fito a nan Kaduna, ya same ni a keɓe, babu mai ji. Asabar mai zuwa bayan La'asar zan biyo in ɗauke shi a mashin ɗina, mu shiga tare.