Ranar da likita ta duba wuyana

Talata. Na isa asibiti don gwajin suga da ƙarfe bakwai na safe ban karya ba, kamar yadda aka umarce ni. Aka ɗebi jinina, aka ba ni ruwan gulukos giram 75 na shanye, zaƙinsa har yana tayar mini da zuciya, sannan na zauna a benci awa biyu kafin a sake ɗiba. Sakamakon ya nuna sugan jinina ya kai 8.6. Likita ta ce ƙasa da 7.8 ake so, daga 11.1 kuma ake kiransa ciwon suga, wato ina tsakani ke nan.

Kafin ta ƙara magana sai ta ce, "Malama, ɗan ɗaga mayafinki." Ta shafa baƙin nan na bayan wuyana, wanda na shekara huɗu ina dirza da soso da lemon tsami ina zaton dauɗa ce, ta ce alama ce ta yawan insulin a jini, wato sinadarin jiki da ke daidaita suga. A bayaninta, jikina ba ya jin insulin yadda ya kamata, don haka yake ƙara samar da shi domin suga ya shiga tsoka. Wannan rarar ita ce take tunzura ma'ajiyar ƙwai ta yawaita testosteron, sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, ta kuma rage furotin ɗin da hanta ke fitarwa don ɗaure shi, sai testosteron ɗin ya yi ta yawo a jini. Daga nan gashin haɓata ya samo asali, da ƙurajen fuska, da al'adar da takan yi wata uku ba ta zo ba saboda ƙwai bai kai ga fita ba. Sunan wannan lalura ta rikicewar sinadaran jikin mace a Turance PCOS, kuma kusan mace ɗaya cikin goma tana da ita.

Hawaye suka zubo mini, domin kowace alama na daɗe ina nema mata magani daban, har da jiƙe-jiƙen sanyi da dangi suka yi ta aiko mini.

Likitar ta rubuta mini metformin, maganin rage suga a jini, miligiram 500, in riƙa sha tare da abinci don kada ya ɓata mini ciki, ta ce rage kashi 5 cikin 100 na nauyina ma yana iya daidaita al'adar. Da dare na zuba wake da zogale fiye da shinkafa, na bar lemon kwalba a firji, kuma bayan isha'i ni da maigida muka taka har bakin titi muka dawo.