Zuman da na saya wa Baba

Hannun Baba na dama ne ya fara kyarma, har ya daina riƙe kofin shayi a gaban baƙi. A asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya aka ce cutar Parkinson ce: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsin jiki, ke mutuwa a hankali. Aka ɗora shi a kan ƙwayar magani mai suna levodopa, sau uku a rana.

Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa, amma zuma ya fi yawa a bakinsu, ga ayar Suratun Nahli da ta ce akwai waraka a cikinsa. Na je kasuwar Sabon Gari na samo na amya, da saƙarsa. Kullum da asuba cokali ɗaya a ruwan ɗumi, da yamma kuma a kunu.

Ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Taurin bayan gida, wanda ke addabar masu wannan cuta, ya ragu, ko zuman ne ko yawan ruwan da ya koma sha. Abinci ma ya fara shiga.

A nan na yi wauta. Ganin ya ɗan murmure, sai na rage masa ƙwaya ba tare da na tambayi kowa ba, wai kada ya saba. Cikin 'yan kwanaki jikinsa ya sandare, tashi daga tabarma sai an kama shi. Da muka koma, likita bai yi faɗa ba. Cewa ya yi zuma abinci ne mai kyau in babu ciwon suga, amma ba ya mayar da dofamin. Ya kuma ce a raba ƙwayar da fura da nono ko ƙosai da kamar rabin awa, domin sinadarin furotin da ke cikinsu na hana ta shiga jini sosai. Mu kuwa da fura muke ba shi!

Wani ya kawo shawarar harbin ƙudan zuma. Na bincika: an gwada dafin a Faransa kan marasa lafiya 40, sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba, kuma harbin kan toshe wa wasu numfashi. Da na faɗa wa Baba, dariya ya yi.

"Kai, bar ni da na cokali," in ji shi.

Kwalbar tana nan kusa da butarsa, ƙwayar kuma na saita mata ƙararrawa a waya.